Tarwadar da Baba Bai Farke Ba

Ranar da Baba ya rasu, wanda ya fara kuka a ƙofar gidanmu ba ɗan'uwa ba ne. Wani masunci ne daga Rurum, wanda ya fi shekara ashirin yana kawo masa manyan tarwada, kuma a duk shekarun nan ban taɓa jin Baba ya kira shi da wani suna ba sai "ɓarawon ruwa". Ya zauna a dakali, ya cire hularsa yana share hanci da ita. Na leƙo ta zaure na gan shi, na ce a raina, kai kuma me aka yi maka na alheri?

Sauran masu ta'aziyya sun fi shi iya zaman makoki. Duk wanda ya durƙusa a rumfa sai ya ce, "Malam mutum ne mai gaskiya, ba ya ɓoye-ɓoye." A Rano in ka ji an faɗi haka a kan mamaci, to kowa yana tuna ranar da aka wanke shi tas ne. A cikin gida Gwaggo, ƙanwar Baba, ta fi kowa ɗaga murya, amma idonta ɗaya yana kan kwanukan da ake fitarwa. Baffa, ƙanin Baba, alaramma mai tsangaya, shi ya yi wa gawar salla. Da ya juyo ya ce, "Jama'a, duk wanda Malam ya ɓata wa, ya dubi Allah ya yafe masa," sai aka amsa da "mun yafe" mai ƙarfin da ya tsallako katanga. Inna tana zaune a kan tabarma da carbi, ta ɗago ta ce, "Ashe suna da yawa."

Suna da yawa, amma akwai mace ɗaya da ba ta cikin masu amsawar, domin ba ta ma san an yi mata laifi ba. Ita ce matar Yayana ta farko. Ni na san abin da aka yi mata, kuma da bakina aka yi. Ina rubuta wannan ne don kada a manta da mahaifina, kuma don kada a tuna shi da ƙarya. Na so shi, har gobe ina son sa, kuma ya yi zalunci.

Baba ya yi shekara talatin a ɗakin gwaje-gwaje na wata babbar makaranta a Zariya. Aikinsa yanka ne. Za a kawo masa jakar ƙwan kifi ko 'ya'yan marainan namiji, ya dasa su cikin kakin kyandir, ya yanka su sirara fiye da ɓawon albasa, ya rina su ja da shuɗi, ya manna a gilashi. Daktoci su zo su leƙa, su rubuta takardu da sunayensu. "Ni ne wuƙar, su ne sa hannun," haka yake cewa, kuma bai taɓa faɗa da dariya ba. Lokacin da soja suka miƙa mulki ga farar hula ya yi ritaya, ya dawo Rano da akwati biyu na gilasai da wani tsohon madubin likita mai girmama ƙananan abubuwa, baƙi, mai nauyin dutsen guga. Madubin ba ya aiki da lantarki, hasken rana yake kamowa. Saboda haka daga hantsi zuwa azahar duk wanda ya gifta ta tagar ɗakin nan ya sha zagi, ko kaza ce.

Ya gina tankuna huɗu na siminti a bayan gida ya fara ƙyanƙyasar tarwada. Da la'asar a yi wa macen allura. Da safe a naɗe kanta da jiƙaƙƙen tawul, a matsa cikinta a hankali, ƙwai ya zubo a busasshiyar roba, kore-kore, sai a mayar da ita ruwa. Namijin kuwa ba ya bayarwa ta matsi. Sai an buge shi a ka, an farke cikinsa da reza, an ciro 'ya'yan marainansa farare biyu an matse su a ruwan gishiri. A haɗa, a juya da gashin kaza, a zuba ruwa, a baza a kan gidan sauro. Kashegari za ka ga abubuwa kamar gashin ido suna motsi. Ƙwan da bai kama ba fari yake komawa, kuma Baba yana tsince shi ɗaya bayan ɗaya yana tsaki kamar da gangan suka yi masa.

Ni ce ta uku a 'ya'yansa, kuma ni kaɗai na yi karatun kimiyya, har na zama malama a makarantar 'yan mata a Kibiya. Asabar da Lahadi ina wurinsa. Yakan danna kaina kan madubin da tafin hannunsa.

"Buɗe idon, ba a kanti kike ba. Kin ga wannan ƙaramin mai haske kamar ruwa? Jariri ne. Ƙwallon da ke tsakiyarsa cibiyarsa ce, duk labarin kifin yana ciki. Matsa gilashin. Wannan ya fara jera ɗigo-ɗigo a gefe kamar jigida. Wancan gwaiduwa ta cika shi, ta danne komai. In ya nuna, cibiyar sai ta bar tsakiya ta koma gefe, kusa da wata 'yar ƙofa guda ɗaya tak a jikin ɓawon. Ɗaya ne zai shiga ta nan, ƙofar ta toshe. Sauran dubbai a waje za su mutu."

Na namijin kuwa raina su yake yi. "Kai ne da wutsiya, ba komai. A cikin jikin uban, ɗaki-ɗaki suke girma, 'yan ɗaki ɗaya duk sa'o'in juna. Kwance suke kamar matattu sai ruwa ya taɓa su. Daga nan kafin ki karanta Fatiha ƙafa uku sun gama rayuwarsu. In kin tsaya gyaran ɗankwali a lokacin, kin kashe mini kifi a banza."

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano kowa ya zama malami. Maganganu suka fara yawo a gari cewa Malam mai kifi yana shiga aikin Ubangiji, yana haɗa halitta a roba. Baffa ya zo da gardawansa biyu da hantsi, ya yi sallama, ya zauna, ya fara nasiha a hankali yadda ƙani yake yi wa wansa. Baba ya ɗiga farin ruwan namijin kifi a gilashi, ya ɗiga ruwan rijiya a kai, ya ce, "Leƙa." Baffa ya tura rawaninsa baya ya leƙa. Ya daɗe. Na ji yana cewa "Subhanallahi" ƙasa-ƙasa har sai da motsin ya tsaya. Ya ɗago, idonsa ya yi ja, ya ce, "Na gani, Yaya. Amma ba abin da dattijo zai riƙa leƙe ba ne."

Da Baba ya yi shiru a nan, da an rabu lafiya. Sai ya ce, "Shekara arba'in kana karantar da yara cewa daga ɗigon ruwa aka yi mutum, ba ka taɓa ganin ɗigon ba sai yau, a ɗakin wanda kake kira ɗan boko. Tashi, kana tare mini haske." A gaban gardawansa ya faɗa. Shekara shida suka yi ba su sa hannu a kwano ɗaya ba.

Wani kansila ma ya ɗanɗana. Ana gab da zaɓe ya gina wa matasan mazaɓarsa tanki, yana son a ɗauke shi hoto yana sakin 'ya'yan kifi. Baba ya ce masa simintin ɗanye ne, a jiƙa shi mako uku tukuna. Kansila ya ce ciyaman jibi zai zo, ciyaman ba ya jiran siminti. Aka yi taro, aka yi tafi, aka sha lemo. Kashegari duk sun juya fararen cikkunansu sama. Baba da kansa ya je ya kwashe su a bokiti, ya ɗauko a bayan keke, ya ajiye a ƙofar gidan kansila a gaban masu jiran gaisuwa, ya ce, "Ga masu zaɓenka nan, a yi musu sutura."

Masuncin nan mai kuka kuwa, daga baya Inna ta tuna mini dalilinsa. Ƙayar tarwada ta taɓa shiga tafin hannunsa, hannun ya kumbura ya fara wari, har an fara maganar yankewa. Mako biyu Baba yana hawa keke da sassafe zuwa Rurum, ya matse, ya wanke, ya ɗaure, yana ce masa jaki wanda ya tsufa a ruwa bai iya riƙe kifi ba. Hannun ya warke. Haka alherin Baba yake, ba ya zuwa sai da zagi a goshinsa.

Yaya shi ne ɗan fari, don haka Baba bai taɓa kama sunansa ba. "Wancan" yake ce masa. Ba ya kallonsa, ba ya zama inda yake zaune. Yaya ya bar makaranta tun aji biyu na sakandare ya bi mota, har ya samu bas yana jigila tsakanin Rano da Kano. Mutane sun ɗauka Baba ya tsane shi saboda karatun. Ni na san ba haka ba ne. Kullum bayan la'asar Baba yana dakali da rediyo a kashe, har sai ya ji hon ɗin bas ɗin daga kwana. Da ya ji, sai ya tashi ya shige ciki da sauri, don kada ɗan ya iso ya tarar ana jiransa.

Matar Yaya 'yar Tarai ce, 'yar manoma, allo ta yi da firamare. Wata safiya hannuna yana ciwo, aka rasa mai matsa kifi, Inna ta turo ta. Ta shigo da mayafi har goshi ta tsuguna a bayan ƙofa, domin suruki ba abin haɗa ido ba ne. Ta ɗauki macen, ta shafa cikin sau ɗaya, ƙwan ya zubo sumul ba ɗigon jini. Daga ranar aikin ya zama nata. Amma shekara takwas suna ɗaki ɗaya, Baba bai taɓa yi mata magana kai tsaye ba. Tana taku biyu daga gare shi zai ce mini, "Ki gaya wa 'yar Tarai ta sassauta babban yatsa." Ita kuma ta dube ni ta ce, "Malama, ki ce wa Baba na ji." Ni ce bakinsu su biyun, har abin ya daina ba ni dariya.

Wata rana ya matsa gefe ya ce in ce mata ta leƙa. Ta goge hannu a zani ta leƙa, sannan ta ce, "Malama, ashe har da ƙofa." Ni sai da na yi wata biyu kafin na ga ƙofar nan. Baba ya juya ga bango ya ce, "Ki gaya mata ta fi daktocin Zariya ido." Ban taɓa jin ya yabi wani ɗan Adam ba sai ranar.

Shekara bakwai ba ta ko yi ɓatan wata ba. Gwaggo ta ɗauki abin kamar aikin gwamnati. Rubutu, sassaƙe, hayaƙi, ba abin da ba a ɗura mata ba. Ni na raka ta asibiti, na riƙe mata mayafi a bayan labule ana duba ta. Aka ce ba a ga komai ba, a kawo mijin. Yaya ya ce shi ba inda za shi. Sai bayan shekara ya je wani ɗakin gwaji a Kano a ɓoye, ya karɓi takardar, amma kunya ta hana shi komawa wurin likita. Da rana tsaka ya tsayar da bas cike da fasinja a ƙofar makarantarmu, ya aika a kira ni.

"Ke kika yi boko," ya ce, yana kallon ƙafarsa. "Duba mini wannan. Don Allah kada kowa ya ji."

Na buɗe. Rabi na gane, kuma rabin ya ishe ni. Na ce masa rubutun likitoci ne, ya bari in nutsu, gobe zan faɗa masa. Da ma a nan na tsaya. Amma a gidanmu duk abin da ya shafi irin wannan ruwa, mutum ɗaya ne ya san shi, kuma ni tun ina yarinya abin da ya fi ƙarfina wurin Baba nake kaiwa.

Na same shi da safe ya farke namiji, 'yar Tarai ta fita shanya tawul. Ya wanke hannu, ya karanta takardar sau biyu, ya juya bayanta ko akwai ƙari.

"Babu ko ɗaya," ya ce. "Ruwa ne zalla. Hangum ɗin da ya yi yana saurayi ne, lokacin ina Zariya." Ya ninke ta huɗu ya tura ƙarƙashin akwatin madubin. "Ki ce masa lafiyarsa ƙalau."

"Baba, ita fa?"

Ya ɗaga kifin ta wutsiya, cikin a buɗe, har yanzu bakinsa yana motsi. "Mace in kin matsa ta kin mayar da ita ruwa, kwana uku ta warke tana iyo. Maza kuwa na buɗe sun fi dubu, ban ga wanda ya tashi ba. Yaron nan in ya ji wannan, ba zai ƙara ɗaga kai a tasha ba. Wata rana zai afka ƙasan gada da mutum goma sha takwas." Ban taɓa jin ya ce "yaron nan" ba sai ranar. "Ita yarinya ce. In ma sun rabu za ta yi wani auren ta haihu, kowa ya gane da kansa."

"In na ƙi fa, Baba?"

Ya dube ni ido cikin ido. "In kin faɗa, ban yafe miki ba duniya da lahira."

Na faɗa wa Yaya lafiyarsa ƙalau. Ya yi dariya har da buga sitiyari, ya saya mini tsire. Shi da ya ce kada kowa ya ji, a yammar nan ya kai wa Gwaggo labari, kafin Juma'a duk dangi sun san asibiti ya wanke shi. Gwaggo ta daina kawo sassaƙe. Ta koma kiran matar juya a tsakar gida, a gaban baƙi, tana cewa ko tarwadar bayan gida ta fi wasu amfani. Yaya ba mugu ba ne, amma kunnensa yana da taushi. Wata huɗu aka yi ya rubuta mata takardar saki.

Ranar da za ta tafi, kayanta suna kan a-kori-kura, ta zo ƙofar ɗakin kifi ta durƙusa. Baba yana kan madubi.

"Malama, ki ce wa Baba na gode. Ya yafe mini, na zauna masa a gida shekara takwas ban kawo komai ba."

Bai ɗago ba. "Ki ce mata Allah ya kiyaye hanya." Ta miƙe, ta kai ƙofa, sai ya ƙara da cewa, "Ki ce ta bar tawul ɗin." Tsohon tawul ne da take naɗe kan kifi da shi, ta saƙala a kafaɗa bisa sabo. Ta ninke ta ajiye. Bayan motar ta tashi na matso kusa da shi, sai na ga babu gilashi a ƙarƙashin madubin. Tun ɗazu haske kawai yake kallo.

Baba ya san kifi, amma bai san Tarai ba. Kafin ta isa labarin ya riga ta, kuma ba cewa aka yi ana zato ba, cewa aka yi takardar asibiti ta tabbatar. Wa zai nemi macen da takarda ta yanke wa hukunci? Shekara biyar tana gidan iyayenta tana surfe. Daga baya aka ɗaura mata da wani dattijo a Nariya wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, mai neman wadda za ta juya shi ta wanke shi. Ta yi jinyarsa har ya rasu, ta zauna a ɗaki ɗaya da 'ya'yansa suka bar mata tana suyar awara. Yaya ya sake aure sau biyu. Kowacce ta zo da gararta, ta sha sassaƙen Gwaggo, ta fita da sunan nan. Sau biyun ina cikin motar ɗauko amarya, ina guɗa.

Bayan fitar ta ukun na sake tarar Baba. Lokacin yanar ido ta rufe masa gani, ba ya ganin komai a madubin, amma kullum da hantsi sai ya zauna a gabansa yana shafa shi. Na ce, "Baba, mata uku ke nan."

"Na iya ƙirga," ya ce. "In an faɗa, mata uku su wanku, ɗana ya mutu. Har yanzu ɗana na zaɓa. Ja mini ƙofar."

Ciwon ajalinsa kwana tara ne. A rana ta ƙarshe bayan la'asar ya tambaye ni, "Wancan ya dawo?" Na ce tukuna. Yana ta numfashi sama-sama, Inna tana masa kalmar shahada yana bi. Da hon ɗin ya tashi daga kwana, sai ya juya fuskarsa ga bango. Kafin Yaya ya cire takalmi a zaure Baba ya cika.

Ranar sadakar uku 'yar Tarai ta zo. Ta rame, furfura ta leƙo ta gefen ɗankwali, bayan hannayen nan masu laushi duk tabon mai. Ta durƙusa ta gaida Inna. Gwaggo ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Allah sarki, 'yar Tarai. Har yanzu dai shiru?" Matan ɗakin suka sunkuyar da kai. Inna, don ta kawar da zancen, ta ce, "Kin zauna da shi, 'yar nan, kin san halinsa. Ki yafe masa."

"Inna, me Baba ya yi mini?" ta ce. "Shi kaɗai ne a gidan nan bai taɓa ce mini juya ba."

Na tashi na kama hannunta na ja ta zuwa ɗakin kifi. Tankunan sun bushe, ɗakin yana warin tsohon ruwa. Na ɗaga akwatin madubin. Takardar tana nan yadda ya ninke ta, ta yi ruwan ƙasa. Na miƙa mata. Ta juya ta, ta miƙo mini.

"Turanci ne, Malama. Me ta ce?"

Na faɗa mata. Ta ce in sake, na sake. Ta zauna a bakin tanki.

"Tun yaushe?"

"Wata huɗu kafin ki tafi."

"Shekara goma sha biyar ke nan." Ta dubi hannayenta. "Bara al'adata ta ɗauke."

Na durƙusa ina kuka, ina cewa Baba ne ya hana, ya ce in Yaya ya ji zai mutu, in na faɗa kuma bai yafe mini ba. Ta bar ni na gama. Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ma ta ɗaga.

"Baba bai taɓa yi mini magana ba, ko sau ɗaya. Duk abin da na ji a ɗakin nan daga bakinki na ji shi. Shi uba ne, ɗansa ya zaɓa. Ke mace ce, ke kika riƙe mini mayafi ana duba ni." Ta miƙe ta gyara lulluɓinta. "A mota na ji an ce Yayanki yana neman ta huɗu a Rurum. Ga shi can a rumfa. Ke ce baki, je ki karanta masa."

Na aika aka kira shi zaure. Ya shigo yana murmushin gajiya, na karanta masa, wannan karon duka. Ya jingina da bango.

"Baba ya sani?"

"Shi ya ce in ce maka lafiyarka ƙalau. Ya ce in ka ji za ka mutu."

Ya karɓi takardar ya sa a aljihu, ya koma rumfa ya ci gaba da amsa gaisuwa. Ranar da aka tashi daga zaman makoki na kasa karyawa, kunnena yana kan hanya, ina jiran a zo a ce bas ta faɗa gada. Bayan la'asar hon ya tashi daga kwana kamar kullum. Kashegari ma haka. Ya aika Rurum ya janye maganar auren, ya je har ɗakin Gwaggo ya faɗa mata da bakinsa, ya ce kada ya ƙara jin kalmar nan a gidan ubansa. Ni dai ya daina yi mini magana, kuma ban ga laifinsa ba. Yana nan yana tuƙi, har ya yi ƙiba.

Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka masa kabarinsa kamar yadda ya so haske, ya sassauta masa tambaya a kan abin da ya sani ya ɓoye. Ni ban san ko ya tafi da fushina ba. Madubin yana wurina, ina nuna wa ɗalibaina ƙofar nan, kuma har yau ba a samu wadda ta gan ta a leƙen farko ba.

Bayan arba'in na je Nariya. Na same ta a ƙofar ɗakinta tana juya awara a kasko. Na gaya mata na karanta wa Yaya takardar, kuma ya faɗa wa Gwaggo, yanzu duk Rano an sani.

"Ya mutu?" ta ce.

"A'a. Yana ta aikinsa."

"To."

Ta tsame na cikin kaskon ta zuba wasu. Na daɗe a tsugune. Daga ƙarshe na yi ƙarfin hali na ce mata kullum ina yi wa Baba addu'a, ko akwai abin da take so in ce, ko ta yafe masa. Ba ta ɗago ba.

"Ki ce wa Baba na ji."